Layin da Alli Ya Nuna

Litinin, 18 ga Nuwamba, bayan sallar Asuba

Aji tara na yi a makaranta, na fito. Ubana maƙeri ne, lauje da takalmin doki yake ƙerawa a bakin titi, ya rasu ya bar mini uwar maƙera da zuga-zugi mai huji. Ina ɗan shekara goma sha bakwai na koyi walda ta hanyar leƙen masu yi, sau biyu idanuna suna kumbura kamar ƙwai. A ashirin da uku na kafa rumfa. A talatin na yi gini. Yau garejin Mughal ƙofa uku ne a layin masu ƙarfe na Gujranwala, da ramin shiga ƙarƙashin mota guda biyu da na haƙa da hannuna. Na aurar da 'ya'ya mata uku. Na kai uwata Makka. Na gina gida mai bene, ƙofar ƙarfen gidan ni na yi ta, shekara ashirin ba ta taɓa yin ƙara ba. Sau shida na ci tseren mota na mita ɗari huɗu, tun ana yi a titin bayan gari, kafin a san wani abu wai shi kwamiti. Babu wanda ya riƙe mini hannu a ko ɗaya.

Littafin nan don rubuta awo na saye shi. Na ga shafin farko fari fat, na ce bari a fara da abin da yake gaskiya.

Maganar ita ce Baƙa. Tsohuwar mota ce mai ƙofa biyu, tayoyin baya ke tura ta. Gawarta na tsinto wajen 'yan gwangwan na Lahore, na sa mata inji mai silinda takwas. Ɗana Zohaib ke tuƙa ta, shi kaɗai ne namijin da Allah ya ba ni. Da ita yake zuwa aiki kamfanin fanka kullum, da ita kuma zai shiga tseren 22 ga Disamba a tsohon filin jirgi. Ƙarfi kam tana da shi har ya yi yawa. Ciwonta a baya yake. Da ya saki kuloci, sifirin ɗin baya, irin mai ganye-ganyen ƙarfe, sai ya nannaɗe ya saki, ya nannaɗe ya saki, tayoyi su kama tsalle kamar akuyar da ta taka garwashi. Kafin ta zauna, abokin karawa ya yi nisa.

Hanya uku ce a gabana. In bar sifirin in ƙara masa sandar da za ta hana shi nannaɗewa: daɗi a titi, rabin magani a fili. Ko in cire shi in sa sanduna huɗu, biyu sama biyu ƙasa, masu ramukan saiti barkatai, wata guda kana gwaji ba ka gama ba. Ko in sa tsani: ƙarafa biyu dogaye masu siffar tsani, kowanne ya damƙe aksil ta baya, ya miƙe gaba ya rataya a kunnen ƙarfe ɗaya ƙarƙashin kujera. Mota mai tsani ba ta tsalle. Durƙusawa take yi, ta ciji ƙasa, ta tafi.

Laraba, 20 ga Nuwamba, ƙarfe ɗaya da rabi na rana

Wajen mai shayi. Ina zaune da Billa mahauci, abokina tun muna yawo ba takalmi, sai ga Faraz. Yaron nan ne da ya yi karatun injiniya a waje, ya dawo ya buɗe gareji mai ƙofar gilashi a ƙarshen layinmu. Ya gaishe ni hannu a ƙirji, ladabi kam yana da shi. Benci a cike.

Ya ce, "Ustad ji, na ji za ka sa wa Baƙa tsani."

Na ce, "Wa ya gaya maka?"

"Duk layi an sani. Ka yi haƙuri in faɗi wani abu. Tsani na motar da ake ɗaukowa a bayan babbar mota ne, a sauke ta a fili, ta yi gudunta a miƙe, a mayar da ita. Baƙa kullum tana cikin ramukan garin nan, taya ɗaya sama ɗaya ƙasa. Tsani ba ya murɗawa. In shi bai murɗa ba, wani abu zai murɗa a madadinsa. Kunnen zai gaji."

Billa ya ajiye kofi ya ce, "Kai injiniya, lokacin da mutumin nan ke narka ƙarfe, uwarka na share maka majina da gefen gyale."

Benci ya fashe da dariya. Faraz ma ya yi dariya.

Na ce, "Je ka tambayi masu jigilar rake. Shekara talatin, waldata ba ta taɓa saki ba."

Ya ce, "Ba waldar nake ji ba, Ustad ji. Gefen waldar."

Na ce, "Tsani zan sa." Da ƙarfi na faɗa, har mai shayi ya juyo.

Da safen nan zuciyata ga sanduna huɗu ta karkata. Ban gaya wa kowa ba. Yanzu kuma babu amfanin faɗa.

Alhamis, 21 ga Nuwamba, bayan La'asar

Na sauke sifirin. A ƙofar gareji na hura wuta, inda kowa ke wucewa, na yayyanka ganyayyakin na ƙera addunan saran ƙashi guda biyar. Babu ƙarfen da ya kai na sifirin riƙe kaifi, ubana ya koya mini wannan. Huɗu na ba Billa, ɗaya na kai gida. Maratayan sifirin da ke jikin shasi ma na yanke su na goge wurin sumul.

Zohaib ya dawo aiki a bas ya tarar. Ya ce, "Abba ji, da ka ajiye su, ko za a buƙata."

Na ce, "Buƙatar me, puttar, ɗana? Komawa za mu yi?"

Ya yi dariya ya ce a'a.

Lahadi, 24 ga Nuwamba, azahar

Tsani inci talatin da biyu. Bututu mai kauri. Na yanka sau ɗaya, ban sake awo ba.

Juma'a, 29 ga Nuwamba, kafin masallaci

An gama. Na gitta ƙarfe daga wannan gefen shasi zuwa wancan, na dasa kunnuwan biyu a jikinsa. Da kaina na yi waldar, na kori ma'aikata daga ramin. Ta fito a jere kamar ɓawon kifi. Na sa sifirin mai nannaɗe a kan shokabzoba, na sa sandar da ke hana aksil zamewa gefe. Na yi fenti baƙi, amma waldar kunnuwan na bar ta ba fenti. A gani.

Lahadi, 1 ga Disamba, bayan Magariba

Mun je fili gwaji. Da can daƙiƙa goma sha biyu da ɗigo tara take yi. Yau goma sha ɗaya da ɗigo takwas. Ba tsalle ko ɗaya. Ta durƙusa, tayoyin gaba suka bar ƙasa kamar taƙi guda, ta wuce kamar an harba ta.

Zohaib ya fito yana rawar jiki ya rungume ni, shekararsa ashirin da bakwai amma kamar yaro. Faraz yana wurin da agogonsa. Ya zo ya ce, "Mubarak, Ustad ji." Na ce ya sunkuya ya leƙa. Ya leƙa ya daɗe. Ya ce walda ta yi kyau. Bai ƙara komai ba, ni ma ban tambaya ba.

A hanyar gida mun ɗauko matata Shagufta daga gidan 'yarmu. Tun daga kujerar baya take kuka da ƙugunta. "Baban Zohaib, wannan mota ce ko amalanken jaki? Haƙorana za su zube." Na ce motar tsere ce. Ta ce to a bar ta a wajen tseren. Duk ramin da muka shiga a karkace ina jin bayan motar yana yin wani gurnani ƙasa-ƙasa. Sabon aiki ne. Zai zauna.

Laraba, 4 ga Disamba, ƙarfe tara na safe

Ashfaq, yayan Shagufta, ya zo da kwalin alewa. Ɗansa zai yi aure ranar Lahadi, gidan amarya a ƙauye ne bayan babban magudanar ruwa. Yana so ango ya tafi a Baƙa a gaban ayari. Wai duk dangi maganar motar suke yi.

Na ce hanyar ba ta da kyau.

Ya ce, "Bhai jan, ɗan'uwana, ranar auren 'yarka ta fari wa ya tsaya a kan tukwane kwana biyu?"

Shagufta na tsaye a bakin ƙofa, kallona kawai take yi. Wanda ya hana motarsa ranar auren ɗan surukinsa, har a makokinsa za a yi zancen. Na ce Zohaib zai tuƙa, mutum uku kawai a ciki, a hankali. Ashfaq ya ce ai ko biyu ma.

Lahadi, 8 ga Disamba, bayan Magariba

Bakwai na ƙirga. Ango a gaba da furanni har ba a ganin fuskarsa, uku a baya, uku zaune a kan but suna riƙe da juna. An lulluɓe motar da jan fure da zare mai ƙyalli. Masu ganga a gaba. Ni ina bayansu a ƙaramar bas tare da dattawa.

Hanyar bakin magudana, motocin noma sun tone ta. Mil shida. Ina kallon bayan Baƙa: ta dama ta hau tudu, ta hagu ta faɗa kwari, duk jikin motar yana murɗewa kamar ana matse wanki. A bakin ƙauye akwai lambatu da ya gitta hanya a karkace. Samari suna ihu, "Taka ta, Zohaib! A ji muryarta!" Ya taka kaɗan don ya faranta musu.

Ƙas.

Da ganga da komai na ji shi. Kawun amarya da ke gefena ya ce, "Me ya faru, Ustad ji?" Na ce ba komai, dutse ne.

An ci shinkafa da naman rago. An ce ya yi daɗi.

Litinin, 9 ga Disamba, safe

Ban duba ba. Aiki ya yi yawa.

Talata, 10 ga Disamba, ƙarfe biyu na rana

Na tura ma'aikata cin abinci, na sauke ƙofa, na shiga rami. Da ido babu komai. Waldar tana nan yadda na bar ta.

Sai na yi yadda tsofaffi ke yi. Na shafa kananzir a kunnen hagu da kewayensa, na bari ya jiƙa, na goge tas da tsumma, na niƙa alli na barbaɗa. In ƙarfe lafiya lau yake, allin zai zauna fari. In akwai tsaga, kananzir ɗin da ya ɓuya a ciki zai fito ya jiƙa allin.

Na zauna a ƙasan rami ina jira. Minti biyar.

Layi ɗaya, siriri kamar gashi. Tsawon tsinken ashana. Ba a kan waldar ba. A gefenta.

Na goge allin.

Talata, bayan Isha

Na ce wa Zohaib ya riƙa hawa babur zuwa aiki har ranar tsere, ina so in yi wa inji saiti. Ya miƙo makulli bai ko tambaya ba.

Alhamis, 12 ga Disamba, kafin a buɗe gareji

Na huda ƙaramin rami a kowane ƙarshen layin don kada ya ci gaba. Na rarake shi, na cike, na yanko faranti mai kauri na ɗora a kai na zagaye shi da walda. Na yi fenti baƙi a kai.

Wannan ya fi na farko ƙarfi. Na yi wa motocin rake irinsa ya fi sau ɗari.

Juma'a, 13 ga Disamba, bayan masallaci

Ya fi na farko ƙarfi.

Lahadi, 15 ga Disamba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na fita da ita ni kaɗai zuwa titin bayan gari, lokacin da hazon sanyi ya fara ɗagawa. Shekara goma sha huɗu rabona da in saki kuloci da niyya. Ƙafar ba ta manta ba. Idon ne. Alamar bakin titi sai na zo dab nake karanta ta. Wutar walda ta ci rabonta.

Tashi ɗaya na yi. Ɗaya tak. Ta tafi a miƙe kamar zare.

Na dawo na kankare fenti. Kananzir, tsumma, alli.

Farantin yana nan daram. Layin ya fito a gefensa, sabo, wajen da ƙarfen ya sha zafi sau biyu.

Litinin, 16 ga Disamba, azahar

Ba na jin yunwa.

Talata, 17 ga Disamba, bayan La'asar

Na zauna na yi lissafin kwanaki. Gyara na gaskiya shi ne a yanke ƙarfen da na gitta gaba ɗaya, a ɗaga kujeru, a buɗe ƙasan motar, a sa sabo mai faɗi, a sake awo daga farko. Mako uku, in ba a yi barci ba biyu. Saura kwana biyar.

Komawa sifirin ganye? Na yanke maratayansa. In ma na ce zan nemo wani, duk 'yan gwangwan na garin nan a benci ɗaya suke shan shayi da mu. Kafin in iso gida da shi, layi ya sani.

Na bi ta shagon Billa. Yana saran ƙafafun sa da addata, ƙashi na tashi. Ya ɗaga ta ya ce, "Rafaqat, wannan ko gashin baki za ta aske! Allah ya ƙara lalata maka sifirin." Na yi dariya. Na daɗe tsaye ina kallon addar.

Da na dawo na tarar da Faraz a ƙofar gareji da gwangwanaye biyu a leda. Ya ce ya ji labarin hanyar ƙauye daga wani ɗan biki.

"Ustad ji, wannan feshi ne na gano tsaga. Minti goma. Ni da kai kawai, a sauke ƙofa. Wallahi ba wanda zai ji."

Na ce, "Tun ba a haife ka ba nake gano tsaga."

"Na sani. To ka duba?"

"Na duba."

"Lafiya?"

Na ce, "Ka gaida mahaifinka."

Ya ajiye ledar a kan benci ya tafi. Na sa ta a ƙarƙashin tebur. Yaron ba mugu ba ne. Da mugu ne da abin ya fi mini sauƙi.

Laraba, 18 ga Disamba, kafin a buɗe gareji

Na sake huda, na sake cikewa. Karo na uku ke nan wuta na taɓa wurin. Na san abin da wuta ta uku ke yi wa ƙarfe. Amma wataƙila ya riƙe. Ya riƙe ranar Lahadi.

Alhamis, 19 ga Disamba, bayan Magariba

Shagufta ta yi farfesun ƙafa, wanda nake so. Na tsoma burodi sau biyu na ture. Ta ce, "Kwana nawa ke nan? Ko a kai ka asibiti?" Na ce sanyi ne. Ta ce shekara talatin da huɗu tana ganina cikin sanyi.

Zohaib yana ta zuba. Ya sayi sabuwar hular kwano. An fitar da jeri, mota goma sha shida, in zai kai ƙarshe sai ya tashi sau huɗu. Sau huɗu. Abokansa na kamfani sun yi hayar bas.

Uwarsa ta ce, "Ni dai gabana faɗuwa yake yi."

Ya ce, "Ammi, motar da Abba ya yi wa walda? Ido rufe zan taka ta."

Na tashi na ce zan yi alwala.

Juma'a, 20 ga Disamba, ƙarfe takwas na safe

In kunnen hagu ya saki lokacin tashi, tayar hagu za ta zabura gaba, aksil ya karkace, motar ta juya hagu da duk ƙarfin injin a bayanta. Babu sitiyarin da zai dawo da ita. In a wajen tashi ne, da sauƙi. In ya jira har giya ta uku, ban sani ba.

Na rubuta don in gani a rubuce.

Juma'a, bayan La'asar

Na kira shi gareji bayan masallaci. Na sallami kowa. Na yi niyya, Allah ya sani na yi niyya. Allin yana aljihuna. Cewa kawai zan yi, sauko rami ka ga wani abu. Daga nan sai a janye motar, Malik Sajjad sakataren kwamiti ya tambayi dalili, a faɗa, kafin Magariba a maimaita a wajen mai shayi abin da yaron nan ya ce a gaban benci: gefen waldar, Ustad ji.

Zohaib ya tsaya yana shafa bayan motar yana murmushi. Ya ce, "Ga ni, Abba ji."

Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Ni zan tuƙa ranar Lahadi."

Ya ɗauka wasa ne. Da ya ga fuskata sai murmushin ya tafi.

"Abba ji, wata takwas ina shiri."

"Motata ce."

"Motarka ce, ban musa ba. Amma idonka fa? Ranar nan lambar bas ka ce in karanta maka."

"Fitilar tashi uku ce da koriya ɗaya. Zan gani."

"Me na yi? Wani ya ce maka ban iya ba?"

"Ba wanda ya ce."

"To mene ne? Ka faɗa mini mene ne."

Ya dube ni ya daɗe, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Kofi shida ba su ishe ka ba. Da ka ga ta yi goma sha ɗaya sai ka ga bai kamata a ce ni ne ba."

Ban ce a'a ba. Gara ya tafi da wannan.

Ya ajiye sabuwar hular a kan but ya fita. Bai buga ƙofa ba. Ni na rene shi, ba ya buga ƙofa.

Asabar, 21 ga Disamba, safe

Bai karya kumallo a gida ba. Uwarsa ba ta yi mini magana ba. Ta ajiye shayi a gabana kamar tana ajiye wa baƙo.

Asabar, ƙarfe uku na rana

Billa ya zo da jini a riga, ko hannu bai wanke ba.

"Kai tsohon banza, me nake ji? Ka ƙwace wa yaro mota? Da wannan tumbin za ka shiga tsere? Bel ɗin ma zai zagaye ka?"

Na ce ya zauna ya sha shayi.

"Ba na sha. Rafaqat, shekara hamsin na san ka. Kai mai girman kai ne, amma ba ka taɓa cin rabon ɗanka ba. Akwai wani abu."

Na ce, "Babu."

"Rantse."

Na ce ina da aiki. Ya tsaya yana huci, ya kalli motar, ya kalle ni. Ya ce gobe zai rufe shago ya zo. Na ce in ya zo ya tsaya a gefen dama, wajen rumfa, shi da duk wanda ya sani. Ya ce don me? Na ce an fi gani daga can.

Asabar, bayan Magariba

Kananzir, tsumma, alli. Ban tashe ta ba tun Laraba, daga rami zuwa ƙofa kawai aka tura ta.

Ban auna ba. Na goge.

Har yanzu ana iya janyewa. Waya ɗaya ce. Na ɗauki wayar na nemo lambar Malik Sajjad, na ga sai ƙara girman rubutun nake yi don in gani. Na ajiye.

Wataƙila ya riƙe. Waldata ba ta taɓa saki ba. Wannan gaskiya ne har yanzu, kowa ya je ya duba.

Lahadi, 22 ga Disamba, ƙarfe tara da kwata, a fili

A cikin mota nake rubutu, littafi a kan sitiyari. Hazo bai gama ɗagawa ba, an ce sai goma za a fara. A bayan babbar motar rake na kawo ta, a hankali, na ce don kada taya ta ɗauki datti.

Na zaga da ƙafa na duba. Gefen dama rumfa ce da mutane. Gefen hagu fili ne da ciyawa, sai wata tsohuwar katanga can nesa. Na roƙi layin hagu a duk tashin da zan yi. Abokin karawata na farko wani yaro ne daga Sialkot, ya ce layin hagu ya fi santsi, in ina so in ɗauka. Na gode masa. Na sa an kori masu ɗaukar hoto daga wannan gefen, na ce ba na son walƙiya a idona.

Zohaib ya zo. Yana can wajen rumfa da abokansa na kamfani, hannu a aljihu, bai dubo nan ba. Daga nan ba na ganin fuskarsa, rigar na gane. Hular ta yi mini daidai.

Faraz ya wuce sau biyu. Na biyun ya tsaya ya sunkuya kamar zai leƙa ƙasa. Na kunna inji. Ya miƙe.

Yanzu na dawo daga teburin Malik Sajjad. Takardar jeri tana gabansa, an riga an buga: mota ta tara, direba Zohaib Mughal. Ya ce, "Ustad ji, an rufe jeri tun jiya. Ka tuƙa kawai, a bar sunan yadda yake, ai duk gida ɗaya ne."

Na ce ba gida ɗaya ba ne. Duk abin da motar nan ta yi yau, ba za a rubuta shi a ƙarƙashin sunan yaron ba.

Ya ce sai shugaban kwamiti ya zo ya sa hannu. Na ce ina jira.

Ga shugaban can yana fitowa daga mota. Zan koma teburin, kuma ba zan matsa ba sai na ga biro ya taɓa takarda. A soke na Zohaib, layi biyu, yadda ba zai karantu ba. A wajen direba a rubuta Rafaqat Mughal. A wajen wanda ya haɗa mota, Rafaqat Mughal. Wanda ya zaɓi tsani, wanda ya auna, wanda ya yi walda sau uku, in babu gurbin wannan a takardar a buɗe masa gurbi a ƙasa. Ba wanda ya taya ni. Da manyan baƙaƙe nake so, yadda ni ma zan iya gani.